Me ya haɗa dogon sifana, fulawil da tayar keken da take ƙin faɗuwa?

Wani ɗalibin fasahar injina ne ya yi tambayar. Ya ce an koya musu ƙarfin murɗa, taurin juyi da momentom ɗin juyi kowanne da lissafinsa, amma ya kasa ganin inda suka haɗu. Yana son sanin me ya sa bututun da aka zura a sifana yake kwance notin da ya gagari hannu, me ya sa ake tara nauyin fulawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da inji, a bakinsa, kuma me ya sa tayar keke mai juyawa ba ta faɗuwa ko da gefe ɗaya kawai aka rataye ta.

Ɗan'uwa, abin da ya haɗa su duka shi ne nisa daga layin da abu yake juyawa a kansa. Idan abu yana tafiya miƙe, yawan ƙarfin da aka tura shi da shi da yawan nauyinsa kawai ake tambaya. Da zarar juyi ya shigo, sai an ƙara tambayar inda ƙarfin ya sauka da inda nauyin ya zauna. Nisan nan yana shiga lissafin ƙarfi sau ɗaya, amma a lissafin nauyi sau biyu yake shiga, kuma yawancin ɓarnar da ake yi wa injina daga rashin kula da wannan bambancin take fitowa.

Mu fara da sifana. Ƙarfin murɗa shi ne ƙarfin da ka sa, a ninka shi da nisan da ke tsakanin hannunka da tsakiyar noti. Ana auna shi da niyuton-mita, a rubuta N·m. Mutum mai kilo 70 idan ya ɗora dukkan nauyinsa a kan abu, yana danna shi da niyuton 687, wato 70 sau 9.81. In ya taka ƙarshen sifana mai tsawon santimita 30 da ke kwance, murɗar da ta isa noti ita ce 687 sau 0.3, kusan 206 N·m. In ya zura bututu tsawon ya kai mita ɗaya, mutumin bai ƙara ko giram ɗaya ba, amma murɗar ta zama 687 N·m. Notin tayar ƙananan motoci galibi tsakanin 90 da 140 N·m ake ɗaure shi, gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Ka ga ke nan mai ɗaure taya da bututu yana iya ba ƙusar ninki biyar na abin da aka tsara mata. Bututu na kwancewa ne, shi ma a hankali. Ba a ɗaurewa da shi.

Kusurwa ma tana da nata rabon. Sashen ƙarfin da ya tsaya a gicciye da hannun sifana shi kaɗai yake murɗawa. Abin da ya bi tsawon sifanar, jan ta kawai yake yi ko tura ta. Shi ya sa cikakken lissafin yake τ = r F sin θ, inda τ murɗa ce, r nisa, F ƙarfi, θ kuma ita ce kusurwar da ke tsakanin sifana da inda kake ja. A digiri 90 ka samu duka, a digiri 60 kashi 87 cikin ɗari, a digiri 30 rabi kawai. Idan wuri ya yi ƙunci har kana jan sifana a karkace, rabin wahalarka a banza take tafiya, kuma a nan ne sifana take zamewa ta cinye kusurwoyin noti.

Akwai abin da nake so ka riƙe da kyau game da ɗaure noti, domin littattafan aji ba su cika tsayawa a kansa ba. Ba murɗar ce take riƙe ƙarfe biyu ba. Abin da yake riƙe su shi ne miƙewar da ƙusar ta yi: noti yana jan ta, ta ɗan miƙe, ita kuma tana ƙoƙarin komawa, sai ta matse abin da ke tsakani. Murɗa hanya ce kawai ta kimanta wannan matsi, kuma ba hanya ce mai tsabta ba, domin wajen kashi 90 cikin ɗari na murɗar gogayya ce take cinye shi, a ƙarƙashin kan noti da cikin zare. Kashi 10 ne kawai yake zama matsi. Lissafin da injiniyoyi suke amfani da shi shi ne T = K d F, inda T murɗa ce, d kaurin ƙusa ne, F matsi, K kuma adadi ne da ke nuna gogayyar. Ga busasshen ƙarfe ana ɗaukar K kusan 0.2. Ɗauki ƙusa M12, mai kaurin milimita 12, ka ɗaure ta a 80 N·m. Matsin zai zama 80 a raba da 0.2 sau 0.012, wato kusan niyuton 33,000. Yanzu shafa wa zaren mai, K ya sauka zuwa 0.15. Sifanar awo, wato wadda ake saita wa adadin murɗa ta yi ƙara idan an kai shi, za ta nuna maka 80 ɗin nan dai, amma matsin ya haura niyuton 44,000. In maiko mai santsi sosai ne K ya kai 0.12, matsin ya wuce 55,000. Ƙusa M12 mai lamba 8.8 a kanta kuwa, lambar da ke nuna ƙarfin ƙarfenta, a wajen niyuton 49,000 iyakarta take, daga nan sai ta fara miƙewar da ba ta komawa. Saboda haka idan littafi ya ba da adadi, duba ko na busasshen zare ne ko na mai mai. Tsatsa kuma akasin haka take yi: sifana ta yi ƙara ta ce an kai, alhali ƙusar ba ta matse ba, bayan ɗan tafiya noti ya saki.

Ita ma sifanar awo tana da ƙa'idojinta. Ka ja ta a hankali ba fizga ba, ka riƙe ta a tsakiyar marikinta, ka tsaya a ƙarar farko, domin ƙara ta biyu ƙarin ɗauri ce. Ba a kwance noti da ita. In an gama aiki a mayar da awon ƙasa don kada sifirin ɗin ciki ya gaji. Awonta abin dogaro ne daga kashi 20 cikin ɗari na iyakarta zuwa sama, don haka sifana mai kai wa 200 N·m ba ta dace da notin 15 N·m ba. Idan ka ƙara mata baki mai tsawaita ta gaba, murɗar da noti yake samu ta fi abin da ka saita: sifana mai santimita 45 da aka ƙara wa santimita 5, in an saita 100, noti 111 yake samu. Ƙarin da ya bi layin ƙusar kanta, wanda ake sa wa soket don a kai ga noti mai zurfi, bai canza awon ba.

Yanzu ga nauyi. Dokar Newton ta biyu ta ce ƙarfi daidai yake da nauyi sau saurin ƙaruwar gudu. A juyi, murɗa ce take tsayawa a wurin ƙarfi, taurin juyi kuma a wurin nauyi: τ = I α, inda α saurin ƙaruwar juyi ne. Taurin juyi, wato I, shi ne yadda abu yake ƙin a fara juya shi ko a tsayar da shi. Ana samun sa ta hanyar ɗaukar kowane ɗan guntun abin, a ninka nauyinsa da nisansa daga layin juyi, a sake ninkawa da nisan, sannan a tara duka. Leonhard Euler ne ya tsara wannan lissafi a aikinsa na 1765 kan motsin daskararrun abubuwa.

Dalilin shigar nisa sau biyu yana da sauƙin gani. Guntun da yake nisa ninki biyu daga tsakiya dole ya yi gudu ninki biyu kafin ya gama zagaye a lokaci ɗaya da na ciki, don haka yana buƙatar ƙarfi ninki biyu. Wannan ƙarfin kuma a nisa ninki biyu ake buƙatarsa, sai murɗar ta sake ninkawa. Biyu sau biyu, huɗu. A nisa ninki uku, tara.

Daga nan sifofi suke bambanta. Zobe, wanda duk nauyinsa yake a baki, taurinsa m r² ne, inda m nauyi ne, r kuma nisa daga tsakiya zuwa baki. Faifai cikakke mai nauyi ɗaya da faɗi ɗaya rabin haka yake da shi. Ƙwallo cikakkiya biyu bisa biyar. Sanda mai tsawon L in an juya ta daga tsakiya, ɗaya bisa goma sha biyu na m L², in daga ƙarshe ne ɗaya bisa uku, wato ninki huɗu, kuma sandar ita ce dai. Wannan ya nuna maka taurin juyi ba na abu kaɗai ba ne, na abu ne da layin da aka zaɓa masa.

Za ka iya gwada wannan a kan katako mai gangara. Saki guntun bututu, da sandar ƙarfe cikakkiya mai zagaye, da ƙwallon boris a lokaci ɗaya. Ƙwallon ne zai riga, sandar ta biyo, bututun ya zo ƙarshe. Girmansu da nauyinsu ba su canza wannan jerin ba. Abin da jan ƙasa ya ba kowanne yana rabuwa biyu, wani ya tafi a tafiya gaba, wani a juyi. Bututu mai siririn jiki rabi yake kashewa a juyi, sandar ɗaya bisa uku, ƙwallon biyu bisa bakwai. In gwajin ya ba ka wani sakamako dabam, duba ko gangarar ta yi tsayi har abubuwan suna zamewa maimakon mirginawa.

Fulawil aikinsa ajiye kuzari ne. Inji mai bugu huɗu, kowace silinda sau ɗaya take ba da ƙarfi a zagaye biyu na karanshaf, sauran bugu ukun ci suke yi. Fulawil yana karɓa a bugun wuta ya mayar a sauran. Kuzarin da ya ajiye shi ne ½ I ω², inda ω saurin juyi ne da radiyan a daƙiƙa (radiyan ma'aunin kusurwa ne, kusan 6.28 ne a zagaye ɗaya). Ɗauki faifai mai kilo 10, daga tsakiya zuwa baki santimita 15. Taurinsa rabin 10 sau 0.15 sau 0.15 ne, wato 0.1125. A zagaye 3,000 a minti, ω ya zama 314, kuzarin kuma kusan jul 5,550. Tsayar da shi cikin daƙiƙa 2 yana buƙatar murɗa ta kusan 18 N·m. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi a nan shi ne sa zagaye a minti kai tsaye cikin lissafi. Dole a ninka shi da 0.1047 tukuna, in ba haka ba kuzarin zai fito ninki 91 na gaskiya.

Masu rage wa fulawil nauyi don inji ya riƙa ɗaukar wuta da sauri su lura da inda suke yanka. Kilo ɗaya da aka cire a nisan santimita 14 yana rage tauri ninki goma sha biyu na kilo ɗaya da aka cire a santimita 4. Yanka kusa da tsakiya raunana wurin ƙusoshi kawai yake yi ba tare da wata riba ba. In kuma aka rage da yawa, inji zai riƙa rawa a silo, yana saurin mutuwa lokacin sakin kuloci.

Murɗa da ƙarfin doki ba abu ɗaya ba ne, amma lissafi ɗaya ya haɗa su: murɗa sau ω. Injin da ke ba da 200 N·m a zagaye 3,000 yana ba da kilowat 63, kusan doki 84. Giya ba ta ƙara wannan. Musanya take yi, ta karɓi sauri ta ba da murɗa. Giya ta ɗaya mai ninki 3.5 da giyar aksul, wadda take miƙa juyi ga tayoyi, mai ninki 4 sun ba da 14, sai 200 ya zama 2,800 N·m a tayoyi kafin a cire asarar gogayya, tayoyin kuma suna juyawa sau ɗaya a duk zagaye 14 na inji.

Momentom ɗin juyi shi ne taurin juyi sau saurin juyi, L = I ω. Muhimmancinsa ɗaya ne: babu abin da yake canza shi sai murɗa daga waje. Murɗa ita ce saurin canjawarsa. Idan ba murɗar waje, duk abin da aka yi a cikin abin mai juyawa, I sau ω yana nan yadda yake.

Kujera mai juyawa ta isa gwaji. Zauna da ƙarfe mai kilo 3 a kowane hannu, ka miƙe hannuwa har ƙarafan su kai santimita 75 daga tsakiyar jikinka, wani ya juya ka a hankali. Mu ɗauka taurin jikinka da kujerar 1.2 ne. Ƙarafan sun ƙara 3.4, jimla kusan 4.6. Janyo su zuwa ƙirji, nisan ya koma santimita 15, nasu ya faɗi zuwa 0.14, jimla 1.34. Taurin ya ragu ninki 3.4, dole saurin ya ƙaru ninki 3.4. A fara da juyi kaɗan, domin mutane suna faɗowa daga kujera a wannan gwajin. Abin lura shi ne kuzarin juyi bai tsaya yadda yake ba, shi ma ya ƙaru ninki 3.4. Daga hannuwanka ya fito: janyo ƙarafan ciki yayin da kake juyawa aiki ne, kuma za ka ji shi a damatsa. Mai warware tambayar jarrabawa irin wannan da cewa kuzari bai canza ba zai sami amsa marar daidai.

Dokar nan ce take aiki a sama. A farkon Janairu duniya tana nisan kilomita miliyan 147 daga rana tana gudun kilomita 30.3 a daƙiƙa, a farkon Yuli tana miliyan 152 gudun ya sauka zuwa 29.3. Kepler ya bayyana wannan tsari a 1609, tun kafin a san dalilinsa. Jirgi mai saukar ungulu kuma yana nuna ɗaya fuskar: inji yana murɗa babbar farfela gefe ɗaya, farfelar tana murɗa jikin jirgin ɗaya gefen, ƙaramar farfelar wutsiya ce take hana jikin juyawa. An sa ta a ƙarshen doguwar wutsiya ne don ƙaramin ƙarfi ya ba da murɗa mai yawa, kamar dai bututun nan a sifana.

Saura tayar keke. Momentom ɗin juyi yana da alkibla, ba yawa kaɗai ba. Lanƙwasa yatsun hannun dama su bi yadda tayar take juyawa, inda babban yatsa ya nuna nan ce alkiblarsa, a kan layin aksul. Ka ɗauke shi kamar kibiya da ke kwance a kan aksul ɗin. Rataye tayar da igiya a ƙarshen aksul ɗaya, aksul ɗin yana kwance. Nauyinta yana jan ta ƙasa, amma murɗar da wannan nauyin ya haifar, in ka bi ta da hannun dama, alkiblarta a kwance take, a gicciye da aksul. Idan tayar ba ta juyawa, babu kibiya tun farko, sai murɗar ta ƙirƙiri sabon juyi, tayar ta kife. Idan tana juyawa da sauri, akwai doguwar kibiya, murɗar kuma ɗan ƙari take yi mata a gefe kowace daƙiƙa. Ƙari a gefe ba ya tsawaita kibiya, karkatar da kanta yake yi. Sai aksul ɗin ya riƙa zagaya igiyar a kwance maimakon ya faɗi.

Ga adadi. Taya mai kilo 2 da tauri kusan 0.2, tana juyawa radiyan 30 a daƙiƙa, wato wajen zagaye 290 a minti, L ɗinta 6 ne. Igiya tana santimita 10 daga tsakiyar tayar, murɗar nauyi ta zama 2 sau 9.81 sau 0.1, kusan 1.96. Raba 1.96 da 6, ka sami radiyan 0.33 a daƙiƙa, zagaye ɗaya cikin daƙiƙa 19. Yayin da gogayyar boris take rage saurin tayar, L yana raguwa, zagayen igiyar yana ƙara sauri, aksul yana sunkuyawa har ta kife. Idan kuma ba murɗar waje, aksul ɗin abu mai juyawa yana riƙe alkiblarsa; Léon Foucault ya yi amfani da wannan tsayuwar alkibla a wata na'ura a 1852 don nuna juyawar duniya, kuma shi ya raɗa wa na'urar suna jairoskop.

Kada dai ka ɗauka wannan ne kaɗai yake tsayar da keke a hanya, ko da yake ana yawan faɗin haka. Tasirin yana nan, amma ƙarami ne idan aka kwatanta da nauyin mahayi. Abin da yake hana faɗuwa shi ne tayar gaba tana karkata zuwa gefen da keken ya jingina, sai tayoyin su koma ƙarƙashin nauyin. A 2011 masu bincike sun gina wani ƙaramin keke da aka soke masa tasirin jairoskop da ƙarin tayoyi masu juyawa baya, kuma ya ci gaba da tsayuwa da kansa yana tafiya.

Wurin da wannan ilimi ya fi shafar lafiyar mai aiki shi ne saurin juyi, domin shi ma sau biyu yake shiga. Ƙarfin da ake buƙata don riƙe guntu a kan da'ira shi ne m r ω². Mota mai gudun kilomita 100 a awa, tayarta mai santimita 30 daga tsakiya zuwa ƙasa tana juyawa radiyan 93 a daƙiƙa. Giram 30 kacal da ya yi yawa a gefe ɗaya na bakin tayar yana fizgar aksul da niyuton 77, sau 15 a daƙiƙa. Ita ce rawar sitiyarin da ba a ji a gudun 50, inda ƙarfin rubu'i ne kawai, kuma ita take cin boris da ƙulle-ƙullen ƙafa in ba a yi wa tayar balansi ba.

Faifan injin gurza ƙarfe ya fi wannan haɗari. Yawancin faifan yanka an yi su ne don gudun baki na mita 80 a daƙiƙa, shi ya sa mai faɗin milimita 115 ake rubuta masa zagaye 13,300 a minti, mai milimita 230 kuma 6,600. Idan aka cire murfin kariya aka ɗora babban faifai a kan ƙaramin inji mai zagaye 11,000, bakinsa zai yi gudun mita 132 a daƙiƙa, ƙarfin da ke neman yaga shi kuma ya kai ninki 2.7 na abin da aka tsara masa. In ya fashe, guntayen da wannan gudun suke tashi. Kafin ɗora kowane faifai, karanta adadin da ke jikinsa ka tabbatar ya kai ko ya wuce wanda ke jikin injin, ka duba ko akwai tsaga, sannan ka kunna shi ba tare da ya taɓa komai ba na ɗan lokaci, murfin kariya yana wurinsa, jikinka kuma ba ya kan layin faifan.